Me ya sa ƙullu da kindirmo ke jinkirin yin tsami lokacin hunturu?

A yankin Kura da Bunkure na jihar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974, manoman alkama na maraba da sanyin watannin Disamba da Janairu, domin alkama ba ta yin kyau sai da sanyi.

Sai dai ga matan da ke sana'ar waina da koko, da Fulani masu tallar nono, wannan sanyin kan zo da asara: a kwana da ƙullu ya ƙi tashi, ko a wayi gari madara ba ta yi kauri ba.

Da yawa kan ƙara wa abin kwana ɗaya ko biyu suna jira. Masana kimiyyar abinci na ganin cewa wannan jiran shi ne ya fi haɗari.

Wa ke kawo tsamin?

A 1857 ne masanin kimiyyar nan na Faransa, Louis Pasteur, ya nuna cewa wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke sa madara yin tsami.

Iri biyu ne suka fi aiki a girkin Hausawa. Akwai bakteriya masu cin zaƙin da ke cikin madara ko gasara su mayar da shi tsami, su ne ke samar da kindirmo da kamu. Akwai kuma yisti, wanda ke fitar da iskar da ke sa ƙullun waina ya kumbura.

Dukkansu ɗumi suke so. Yisti ya fi kuzari a kusan maki 30 na ma'aunin Selshiyas, yayin da bakteriyar da ake haɗa yogot da su suka fi son maki 40 zuwa 45.

A daren hunturu kuwa, yanayin Kano kan sauka ƙasa da maki 15. A irin wannan sanyi halittun ba sa mutuwa, aikinsu ne kawai ke raguwa ƙwarai.

Ina haɗarin yake?

Tsami ba don ɗanɗano kawai yake ba. Idan ya kai ƙarfi, yakan hana yawancin ƙwayoyin cutar da ke haddasa gudawa yaɗuwa.

Wannan ne ma ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi taro a birnin Pretoria na Afirka ta Kudu a 1995, domin duba yadda tsimar abinci a gida za ta taimaka wajen kare lafiya, musamman ta yaran da ake yayewa.

Amma kariyar ba ta samuwa sai tsamin ya zo da wuri. Idan ya yi jinkiri, ƙwayoyin da suka shigo ta ruwa maras tsabta ko ƙwaryar da ba ta wanku ba kan samu damar riga shi, abin ya yi yauƙi ko wari.

Me ya kamata a yi?

Mataki na farko shi ne ɗumi. A dama ƙullu da ruwa mai ɗumi, a rufe mazubin, a lulluɓe shi da zane mai kauri, a ajiye shi cikin ɗaki ko kusa da murhun da aka gama girki, nesa da ƙasa mai sanyi.

Ba a son ruwa mai ƙuna, domin zafin da ya kai maki 60 kan kashe yisti.

Na biyu shi ne iri. A zuba ɗan tsohon kindirmo mai kyau a cikin madarar da aka tafasa ta huce har yatsa zai iya jurewa, ko a zuba ruwan tsamin jiya a sabuwar gasara. Hakan na ba halittun da ake so rinjaye tun daga farko.

Na uku, a gwada yistin kanti kafin a zuba: idan aka jiƙa shi da ruwan ɗumi da ɗan sukari bai yi kumfa ba cikin kusan minti goma, to ya mutu.

Duk abin da ya yi wari ko fumfuna, zubar da shi ya fi. Koko kuma sai ya dahu sosai kafin a ba yaro.

Iyakar tsami da maye

Akwai wani dalilin kuma na guje wa ƙarin kwanaki. Yisti ba iska kaɗai yake fitarwa ba, yana mayar da zaƙi barasa, kuma da wannan aikin nasa ne ake yin burkutu daga tsiron dawa.

A waina, ɗan abin da ya samu ba shi da yawa, kuma mafi yawansa kan tashi da zafin tanda. Amma abin sha mai sukari, irin su kunun zaƙi da zoɓo, idan ya daɗe a ɗumi yakan fara kumfa, warinsa ya sauya.

Malamai sun daɗe da sanin wannan iyaka. A cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibnu Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi, ya riƙa sha har zuwa yammacin rana ta uku, daga nan sai ya sa a shayar da wani ko a zubar.

Saboda haka lissafin kan sauya da yanayi. Ƙullun da ke neman a lulluɓe shi a watan Janairu, a bazarar Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa maki 40, inuwa yake nema da kuma rage masa sa'o'i.