Kyakkyawan Fata a Aikin Ceton Dabbobi: Darasi daga Giwayen Bagudo

Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon rahama da alayensa da sahabbansa. Wannan maƙala tana nazarin matsayin raja'i, wato kyautata fata ga Allah, a wajen masu ɗawainiyar ceton dabbobi: likitocin dabbobi, ma'aikatan gandun daji, makiyaya da sauran masu taimako don Allah. Aiki ne mai cin rai, domin sau da yawa dabbar da aka kwana a kanta ita ce ake wayar gari ta mutu. An ɗauki ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi a matsayin misali.

Abin da ya faru a Bagudo

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana gaɓar Kogin Kwara, tana kuma iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Lolo. Ƙasa ce ta fadama da shinkafa da kiwo. A shekarar 2018 wasu giwaye suka ɓullo a yankunan Bagudo da Koko/Besse, suka shiga gonaki suka yi ɓarna. Gwamnatin jihar, a zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu, ta yi kira da kada a kashe su.

Wannan hani yana da dalili. A tsallaken iyaka akwai gandun dajin W, wanda ya haɗu da na Arly da Pendjari tsakanin Benin da Nijar da Burkina Faso, kuma nan ne garken giwaye mafi girma da ya rage a Afirka ta Yamma. A 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya giwar Afirka cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda farautar haure da ƙuntatar daji. Mai aikin ceto a nan yana tsakanin haƙƙoƙi biyu: ran dabbar da ta kusa ƙarewa, da gumin manomin da aka cinye masa shekara guda a dare ɗaya.

Bambancin fata da guri

Imam al-Gazali, a littafin tsoro da fata na Ihya'u Ulumid Din, ya fayyace raja'i da misalin manomi. Wanda ya sami ƙasa mai kyau, ya shuka iri mai kyau, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya zauna jiran falalar Allah, shi ne mai fata. Wanda ya watsa iri a kan fako bai ba shi ruwa ba, yana jiran girbi, wannan ruɗaɗɗe ne. Saboda haka fatan mai ceton dabba ba ya inganta sai da riƙon sababi: kai rahoto da wuri, yin rigakafi kafin cuta ta shiga garke, kwashe dabbobi zuwa tudu kafin ambaliya, da ganawa da masu gari kafin fushi ya kai mutane ga ɗaukar bindiga.

Ginshiƙai uku

Na farko, lada tana rataye da niyya da aikin, ba da sakamako ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira labarin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa da huffinsa, Allah Ya gafarta masa, kuma Annabi (SAW) ya bayyana cewa akwai lada a kyautata wa duk mai rai. Hadisin bai faɗi tsawon kwanan da karen ya yi bayan haka ba. Haka nan hadisin Anas da Imam Ahmad ya ruwaito ya yi umarni da dasa dashen dabino ko da Alƙiyama tana shirin tsayawa. Likitan da saniya mai sammore ta mutu a hannunsa bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai yi asarar komai ba a wurin Allah.

Na biyu, mai ceto sababi ne kawai. Aya ta 6 ta Suratu Hud ta tabbatar da cewa arzikin kowace dabba yana kan Allah, aya ta 38 ta Suratul An'am kuma ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irin namu. Wanda ya ɗauka cewa rayuwar kowace dabba a wuyansa take, ya ɗora wa kansa kayan da ba a ɗora masa ba, alhali ƙarshen Suratul Baƙara ya iyakance taklifi ga gwargwadon iko. Hutawa da miƙa aiki ga wani ba gazawa ba ce.

Na uku, Shari'a ba ta bar shi shi kaɗai ba. A Mukhtasar na Shaikh Khalil, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, kuma ba a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 660 bayan Hijira, ya jera haƙƙoƙin dabbobi a Ƙawa'idul Ahkam. Mai wannan aiki yana tsayar da hukuncin da malamai suka rubuta tun ƙarnoni.

Haƙƙin manomi

Tausayin da ya ga giwa ya kau da kai daga manomi tausayi ne gurgu. Giwar daji ba ta da mai ita da za a ɗora wa lamunin ɓarna. Idan hukuma ta hana kashe ta don maslahar jama'a, adalci ya hukunta ita hukumar ta rage wa mai gona asara. Manomin da aka share wa hawaye shi ne gobe zai kai rahoto maimakon ya haƙa rami, kuma da irinsa ne fatan mai ceto yake samun gindin zama.

Kammalawa

Aya ta 87 ta Suratu Yusuf ta haɗa abu biyu a wasiyyar Annabi Yaƙub (AS) ga 'ya'yansa: su tafi su yi bincike, kuma kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Ya kamata limamai da malaman makarantu a garuruwa irin su Illo da Ka'oje su riƙa shigar da haƙƙin dabbobi da haƙƙin manomi cikin huɗuba da karatu, domin masu wannan aiki su san cewa ibada suke yi. Allah ne Mafi sani.