Ɗaya ga Oktoba a Bakin Boda

Ranar ɗaya ga Oktoba takan iske garin Babban Mutum cikin kaka. An kwantar da gero ana ɗaurin dammuna, mata da yara sun duƙufa roron wake, dawa kuma ta fitar da kai tana shan raɓa. Gwamnati ta ba da hutu, amma hutun na masu albashi ne. Mai amalanken shanu bai san da zamansa ba. Tun da sanyin safiya ya yi sawu biyu tsakanin gona da rumbu.

Inda ranar ke da ɗan motsi shi ne teburin mai shayi. Shugaban ƙasa kan yi jawabi da safe, da Turanci, sai a ƙure rediyo ana jiran fassara. Ba a cika damuwa da kirarin haɗin kan ƙasa ba. Tambayoyin ba su wuce uku ba: ya taɓo taki? Ya taɓo man fetur? Me ya ce kan boda?

Wannan ta ƙarshen ita ce ta garin. Babban Mutum na cikin ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, kuma nan Najeriya ta ƙare ta wannan ɓangaren. Ka wuce shingen kwastan da 'yan shige da fice, sai hanyar Magarya da Damagaram. Don haka bikin 'yancin kai sau biyu yake zagayo mutanen nan a shekara. Nijar ta riga mu da wata biyu, ranar 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani na shugaba. Namu ya zo daren 30 ga Satumba, da aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas ƙarfe goma sha biyu, aka ɗaga kore-fari-kore wadda ɗalibi Taiwo Akinkunmi ya zana. Gimbiya Alexandra ce ta wakilci Sarauniya, Abubakar Tafawa Ɓalewa na firayim minista.

Legas kuwa ta fi kilomita dubu daga nan. Manomin ƙasar Daura ya wayi gari ya tarar da Sarki Abdurrahman na nan kan gadon da ya hau tun 1911, hakimi da dagaci na nan, haraji da jangali ba su motsa ba. Arewa ma ta riga ta karɓi mulkin kanta tun Maris 1959 a hannun Sardauna, shi ya sa har yau a bakin tsofaffi "mulkin kai" ya fi zama, ba 'yancin kai ba. Su ne kuma za ka ji suna cewa wane ya tafi Faransa, alhali Magarya ya je biki. Layin da Turawan Ingila da na Faransa suka bi da ma'auni suna kafa duwatsu tsakanin 1906 da 1908 ya ratsa ƙasar da aure da fatauci suka daɗe da ɗinkewa. Turawan sun tafi sun bar shi, mu kuma muka ƙara masa shinge.

Kowane tsallake da irin bikinsa. A Nijar tun 1975, zamanin Seyni Kountché, aka haɗa 3 ga Agusta da dashen itatuwa. Ni dai ina ganin sun fi mu dabara: ranar ta faɗo tsakiyar damina, abin da aka dasa zai sami ruwa. Ko da yake gawon da ya lulluɓe gonakin Magarya ba na biki ba ne, manoma ne suka riƙa barin tohon da ya fito da kansa suna renonsa.

Namu kuwa maci ne. Duk wanda ya yi firamare a shekarun baya ya san hidimar. Mako biyu kafin ranar an jingine karatu, malamin wasanni na tsaye da usur a baki da tsumagiya a hannu, ana hagu-dama har ƙura ta turnuƙe. Daren ranar uwa ta wanke farar riga ta tsoma a bula, a ninke ta a saka ƙarƙashin tabarma don ta kwanta, tunda ba kowane gida ke da dutsen guga ba. Wanda ba shi da takalmi ya ara, ko ya yi masa yawa a cusa tsumma. A kwashi zaɓaɓɓu zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, ciyaman ya miƙe ya karɓi gaisuwa, makarantar da ta yi na ɗaya ta dawo gida da waƙa kamar an ci yaƙi.

Wannan armashin ya ja baya, kuma daga sama aka fara. Bayan bama-baman da suka tashi kusa da dandalin Eagle a Abuja ranar cika shekara 50, a 2010, an yi shekaru ana taƙaita bikin a cikin fadar shugaban ƙasa. Abin dariya ɗaya ya rage: da aka dawo da tsohon taken ƙasa a Mayun 2024, wanda aka ajiye tun 1978, sai ga kaka yana gyara wa jika waƙar makaranta.

Ranakun da Babban Mutum ke riƙe da su a ka daban ne. Agustan 2019, da gwamnatin Buhari, ɗan Daura, ta rufe iyakoki. Sai bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, da aka sake garƙamewa har Maris 2024. Kasuwa ta kwanta, 'yan dako suka zauna, masu canjin sefa suka koma hamma.

Da la'asar sakaliya tutar ofishin kwastan na kaɗawa, korenta ya koɗe da rana. Wani dattijo ya ɗaure buhun sabon gero a bayan babur, zai kai wa ƙanwarsa da ke aure a tsallake. Ya ɗaga wa jami'in hannu, jami'in ya ce masa ya gaida mutanen gida.