Ko Kun Sani?

A birnin Tamale na ƙasar Gana, hazon hunturu ya fi ruwan sama hana jirage sauka. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta lulluɓe garin, har matuƙi ya kasa hango titin sauka. Sai jirgin da ya taso daga Akara ya yi ta shawagi, fasinjoji na salati, wani lokaci ya koma inda ya fito.

An tsawaita titin zuwa mita 3,400, kuma tun 2016 alhazan arewacin Gana ke tashi daga nan zuwa Saudiyya. Amma mai tafiya cikin hunturu ya tanadi haƙuri.