Wane Lokaci Ya Fi Dacewa Da Tafiya Umra?

Ya 'yan'uwa Musulmi, tambaya ta yawaita a nan Sakkwato daga 'yan kasuwa da ma'aikatan Gwamnati waɗanda Allah Ya hore wa abin fita waje, suka kuma zaɓi su yi hutunsu a ƙasa mai tsarki: shin wane lokaci ya fi dacewa mutum ya tafi Umra? Amsa ita ce, lokacin da jikinka zai ɗauka, guzurinka ya isa, kuma ba ka bar hakkin kowa a bayanka ba.

Mu fara da hukunci. A mazhabar Imamu Malik Umra sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa, kuma maimaita ta cikin shekara guda makaruhi ne a mashahurin zance. Ya inganta cikin Buhari da Muslim cewa Umra a watan Ramadan tana daidai da Hajji wajen lada, amma malamai sun haɗu a kan ba ta sauke farillar Hajji. Sa'an nan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi Umra huɗu, babu ko ɗaya cikin Ramadan: ta Hudaibiyya a shekara ta 6, da ta ramuwa a ta 7, da ta Ji'irana a ta 8, duk cikin Zulƙida, sai wadda ya haɗa da Hajjinsa a shekara ta 10. Ashe ke nan wanda ya tafi a wani wata bai yi hasara ba. Sai dai a yanzu hukumomin Saudiyya sukan rufe Umra ga baƙi gab da Hajji, su buɗe bayan an watse.

To, sai batun yanayi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kwana 10 ko 11, saboda haka azumi yana zagaya zafi da sanyi cikin kimanin shekara 33. A 2015 ya kama a tsakiyar Yuni, a 2025 ranar 1 ga Maris, kuma in Allah Ya kai mu 2030 zai faɗo cikin Janairu. Kada Basakkwace ya ce ai ya saba da zafin bazara. Zafin Makka daga Yuni zuwa Satumba yakan zarce digiri 40, ga tafiyar ƙasa daga masauki, ga ɗawafi da sa'ayi. A Hajjin 2024, wanda ya zo cikin Yuni, hukumomin Saudiyya sun ce fiye da mutum 1,300 suka rasu, akasari saboda zafi.

Don haka saurayi mai ƙarfi, mai son tarawihi da tahajjudi a Harami, wanda zai jure cunkoso da tsadar masauki, musamman a goman ƙarshe, Ramadan nasa ne. Amma mai niyyar kai mahaifiyarsa tsohuwa, ko mai ciwon sukari ko hawan jini, ya nemi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ya kuma tanadi rigar sanyi domin daren Madina. Ya lura da cewa lokacin hunturu ne a gida, hazo yakan jinkirta tashin jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, sai ya bar sarari cikin kwanakinsa. Mai son natsuwa da sauƙin kuɗi kuwa, ya duba watannin Muharram da Safar, lokacin da alhazai suka koma garuruwansu, in dai zai iya da yanayin shekarar.

Ɗan kasuwa ya san cewa cinikin tufafi da takalma da kayan masarufi a Babbar Kasuwar Sakkwato yana tashi ne gab da Salla. Wanda ke juya dukiyar mutane, ko ake binsa bashin da wa'adinsa ya yi, bai kamata ya rufe shago a wannan lokaci ya tafi neman lada ba, alhali masu hakki suna jira. Ya biya bashi, ya fid da zakka, ya bar wa iyali abin Salla, sa'an nan ya nemi tikiti.

Shi kuwa ma'aikaci, albashin da yake karɓa ladan aiki ne, kuma amana ce. Ya tafi cikin hutunsa na shekara, da izni rubutacce. Abin takaici ne a ce goman ƙarshe na azumi ofis ya zama kango, takardar fanshon wani dattijo tana kan tebur, mai sa hannu yana Makka. Malamin makaranta da babban hutunsa ke zuwa cikin damina, watau tsakiyar zafin Hijaz, zai fi masa sauƙi ya yi amfani da hutun Disamba.

A ƙarshe, wanda bai sauke farilla ba, ya yi tunani kafin ya zuba abin da ya tara cikin Umra, domin ba a gabatar da nafila a kan wajibi. Wanda kuma ya je sau da yawa, ya dubi marayun unguwarsu da majinyatan da suka rasa kuɗin magani, ya tambayi malaminsa wanne ya fi. Allah Ya kai wanda bai je ba, Ya karɓa daga wanda ya je, Ya sa mu dace, amin.