Yunwa Ko Kwaɗayi? Halartar Da Hankali Wajen Cin Abinci

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna cewa manya biliyan 2.5 ne nauyinsu ya wuce kima, kuma miliyan 890 daga cikinsu ƙibar tasu ta kai matsayin da likitoci suke ɗauka cuta ce. Yadda ake awon shi ne a ɗauki tsawon mutum da mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Alal misali, mai tsawon mita 1.70 da nauyin kilo 85, sakamakonsa ya ɗan haura 29. Daga 25 an wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba sosai, wadda kan jawo ciwon suga da hawan jini da ciwon zuciya.

Shawarar da akan bai wa mai ƙiba ba ɓoyayyiya ba ce: ya rage ci, ya riƙa motsa jiki. Kowa ya san wannan. Wahalar ita ce ɗorewa, domin da yawa daga waɗanda suka rame ta hanyar ƙuntata wa kansu abinci sukan mayar da nauyin cikin 'yan shekaru. Wannan ne ya sa wasu masana suka juya ga wata tambaya ta daban, wato me ke sa mutum ya kai hannu ga abinci alhali cikinsa a cike yake?

Hanyar da suka gwada ita ce wadda za mu kira halartar da hankali, ma'ana mutum ya tsayar da hankalinsa a kan abin da yake ji yanzu a jikinsa da zuciyarsa, ba tare da ya zargi kansa ba. Asalin horon daga addinin Buddha yake. Wanda ya shigo da shi asibiti, bayan ya raba shi da ibada, shi ne Jon Kabat-Zinn, wanda a shekarar 1979 ya buɗe wani sashe na rage damuwa a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka. Shirin nasa na mako takwas ne, kuma da farko masu ciwo mai naci aka yi wa shi, ba masu ƙiba ba. Amma darasinsa na farko ya shafi ci: akan miƙa wa kowa ƙwayar zabibi guda, ya dube ta, ya shinshina, ya sa a baki, ya tauna a hankali kafin ya haɗiye. Abin yana da ban dariya, sai dai a nan mutane da yawa suke gane cewa sun daɗe suna cin abinci ba su ji ɗanɗanonsa ba.

Daga baya wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Jean Kristeller ta Jami'ar Jihar Indiana, ta tsara horo na musamman domin masu yawan ci. Takan sa su auna yunwarsu daga 1 zuwa 10 kafin su fara, su sake aunawa a tsakiyar ci, su kuma lura da lokacin da daɗin abincin ya fara raguwa a baki.

A nan mai jin Hausa ya yi sa'a, domin harshen ya riga ya rarrabe abubuwan da ake son a koya. Yunwa a ciki take. Tana zuwa sannu a hankali, kuma ko wane abinci yana kashe ta. Kwaɗayi kuwa a ido da maƙogwaro yake, yakan taso farat ɗaya, kuma abu guda yake nema, kamar tsire ko lemon kwalba mai sanyi. Marmari ya fi kwaɗayi sauƙi, haɗama kuma ta fi shi muni. Haka nan akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙoshi da wanda ya cika cikinsa har numfashi ya yi masa wuya. Sanin sunayen kaɗai bai isa ba. Abin da horon yake nema shi ne mutum ya dakata na ɗan lokaci, cokali a hannu, ya tambayi kansa wanne ne daga cikinsu ya kawo shi gaban akushi.

Akwai dalilai na jiki da suka sa dakatawar take da amfani. Saƙon ƙoshi daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa yana ɗaukar lokaci, wanda akan ƙiyasta da kimanin minti 20, saboda haka mai saurin ci yakan wuce iyaka kafin labari ya iske shi. An kuma gano cewa wanda yake ci yana kallon talabijin ko yana latsa waya yakan ci fiye da yadda ya saba, har ma ya ƙara ci a gaba, domin bai riƙe abin da ya ci a ransa ba. Sannan ga damuwa, wadda idan ta daɗe takan sa jiki ya yawaita fitar da sinadarin kotizol, shi kuma yana da alaƙa da son zaƙi da maiƙo da taruwar kitse a tumbi. Ɗalibin da ke zaune shi kaɗai a baƙuwar ƙasa, ko mai aikin dare, ya san wannan cin na kaɗaici.

To, shin nauyi yana raguwa? Wajibi ne a yi taka-tsantsan a nan. A binciken da Kristeller ta wallafa a 1999, a kan mata 18, yawan cin da ya fi ƙarfin mutum ya sauko daga wajen sau 4 a mako zuwa ƙasa da sau 2. Wani bincike mafi girma da Jennifer Daubenmier da abokan aikinta suka wallafa a 2016 daga Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ya raba manya 194 kashi biyu. Duka an ba su tsarin abinci da motsa jiki, amma kashi ɗaya aka ƙara wa halartar da hankali. Bayan wata 18, waɗannan sun fi 'yan uwansu rage nauyi da kilo 1.7 kacal, tazarar da ba ta isa a tabbatar cewa ba dace ba ne. Sai dai sugan jininsu ya fi na ɗaya kashin kyau.

A ganina, wanda ya shiga wannan horo yana jiran sikeli ya ba shi mamaki zai sha takaici, musamman idan ya kwatanta shi da allurar Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021, wadda kuma a gwaji ta rage kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyi. Amma allurar tana da tsada, kuma nauyi yakan dawo idan an daina. Halartar da hankali ba ta cin ko sisi, kuma inda ta fi tasiri shi ne wajen cin ɓacin rai da cin da ba a san an yi ba. Mai ciwon suga da ke shan magani kuwa, kada ya jinkirta abinci da sunan jiran yunwa sai ya tuntuɓi likitansa, domin suga na iya faɗuwa ƙasa ƙwarai.