BMW 3 Series: Daɗin Tuƙi da Lissafin Gareji

A shekarar 1975 kamfanin BMW na birnin Munich a Jamus ya fito da wata 'yar madaidaiciyar mota mai ƙofa biyu, ya raɗa mata suna 3 Series. Tun daga nan aka sabunta ƙirarta har sau shida, ta samu ƙofa huɗu, ta kuma tara kishiyoyi: Mercedes ta fito da 190 a 1982, wadda ta rikiɗe ta zama C-Class a 1993, Audi ta kawo A4 a 1994, Lexus kuma ta biyo baya da IS a 1999. Duk wadda ta shigo wannan fage, da 3 Series ake auna ta.

Sirrin yana cikin yadda aka zaunar da ita. Injin na gaba, amma tayoyin baya ne ke tura motar, sannan an raba nauyinta kusan daidai tsakanin gaba da baya. Shi ya sa idan direba ya shiga kwana da gudu, tayoyin gaba aikinsu ɗaya ne, bin umarnin sitiyari, motar ta kwanta a titi ba tangaɗi. Samfurin 330i na ƙirar da ta fito a 2019 yana da inji mai silinda huɗu da turbo, lita 2, ƙarfin doki 255, kuma daga tsaye yakan kai kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 6. Babbar yayarsa M340i, mai silinda shida a jere, tana yin haka a wajen daƙiƙa 4 da rabi. Wanda ya saba da Corolla, ranar da ya fara taka totur ɗin wannan sai ya ji bayansa ya manne da kujera.

Sai maganar kuɗi. A 2024, farashin sabuwar 330i a Amurka ya fara ne daga wajen dala dubu 45, kafin a ƙara kujerun fata da sauran kayan ƙawa, waɗanda kowannensu da farashinsa. Amma motocin alfarma na Jamus suna da saurin faɗuwar daraja. Cikin shekara biyar wata takan rasa kusan rabin kuɗinta. Nan ne tarkon yake ga mai sayen tokumbo a Kano ko Abuja. Mota ta yi araha, kayan gyaranta kuwa suna nan a farashin motar alfarma, kuma da dala ake shigo da su. Tun da aka saki naira a kasuwa a watan Yunin 2023, bayan cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, kuɗin fito da na safaya da na mai duk suka tashi tare.

Shin tana da aminci? Amsar ta dogara da injin da ke cikinta, domin ba duk 3 Series ne suka zama ɗaya ba.

Ƙirar da ta fito a 1998, wadda kanikawa ke kira E46, injinta na da juriya, amma tankin ruwa da wasu sassan da ke kewaye da lagireto na roba ne. Idan roba ta tsufa ta sha zafi sai ta tsage, ruwa ya tsiyaye, in direba bai lura da allura ba inji ya ƙone. Ta 2005, wato E90, ta zo da famfon ruwa mai aiki da lantarki wanda kan mutu ba sallama. Samfurinta 335i kuma ya sha fama da famfon da ke tura fetur da ƙarfi, har kamfanin ya kira motoci da yawa domin gyara a Amurka a 2010. Injin N20 da aka sa wa 328i daga 2012 ya yi ƙaurin suna wajen lalacewar robar da ke riƙe sarƙar taimin, lamarin da ya kai masu motoci kotu. Ɗigar baƙin mai daga gaskit kuwa kusan gadon gidan ce.

Injinan baya-bayan nan sun gyara suna. B58 mai silinda shida ya samu shaidar da ba a saye da kuɗi: Toyota, wadda aka sani da tsantseni kan inganci, shi ta ɗora wa motarta Supra da ta dawo kasuwa a 2019.

Tarihin matsalolin tsofaffin injinan ne ya sa matasa da dama ke karkata ga Lexus IS 250. Ƙarfin dokinta 204 ne kawai, ba za ta kamo 335i ba, amma jinin Toyota ne a jikinta, kuma bakanike ba ya tsoron buɗe ta. Ita ma ba ta tsira ba: baƙin dauɗa kan taru a bawul ɗinta, fatar dashbod ɗin wasu kuma takan yi danƙo idan rana ta dake ta, abin da ba a rasa ba a Sakkwato ko Maiduguri.

Akwai kuma hanya. An ƙera 3 Series da tunanin titunan Jamus masu santsi, don haka gindinta a ƙasa yake, tayoyinta sirara ne a gefe, kuma yawancin na bayan 2005 ba su da safaya, sai irin tayar da ke iya ci gaba da tafiya kaɗan bayan ta yi faci. Rami ɗaya kan hanyar Kaduna ya isa ya lanƙwasa rim. Masu ilimin harkar, kafin su biya, sukan nemi lambar shasi su binciki tarihin motar, su gane ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta cinye ta a ƙasar da ta fito, sannan su sa a jona mata kwamfuta. Daga nan sai su leƙa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, su tambayi kuɗin famfon ruwa da shokozoba na ainihi, su haɗa da kuɗin motar.