Jiƙon Hatsi: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Jama'a, tun daga shekarar 2022, da yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin alkama a duniya, magidanta da dama a Garu da sauran ƙauyukan Malanbil suka fara lissafin kuɗin burodin safe. Ƙasarmu Benin ba ƙasar noman alkama ba ce, daga waje ake shigo da fulawa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sannan a ɗauko ta a mota tafiyar fiye da kilomita 700 kafin ta iso bakin kogin Kwara. Alhali kuwa ga shinkafa a fadamunmu, ga gero da dawa a rumbu.

Iyayenmu mata sun daɗe da sanin yadda ake mayar da wannan hatsi masa, ko waina kamar yadda wasu ke kiranta, da sinasir. Asirin aikin kuwa yana wajen jiƙo. Akan wanke shinkafar tuwo, ba turararriya ba, a jiƙa ta ta kwana. Da safe a tsame, a haɗa da 'yar dafaffiyar shinkafa, a kai inji. Sai a sa yisti ko ragowar ƙullin jiya, a rufe har ya tashi, kana a ɗora tanda.

Mene ne amfanin wannan jira? Na farko, ƙwayar takan yi laushi, niƙa ya yi sauƙi. Na biyu, masana sun gano cewa hatsi na ɗauke da wani sinadari mai suna fitet, wanda ke riƙe sinadarin ƙarfe, ya hana jiki amfana da shi. Jiƙo yakan rage shi kaɗan, tsamin ƙulli kuma ya fi rage shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga masu juna biyu da yara ƙanana, waɗanda ƙarancin jini ya fi addaba.

Sai dai a lura, gero da shinkafa ba su da danƙon alkama, saboda haka ba sa kumbura kamar burodi. Mai son gasa burodi ko gurasa a gida sai ta bar fulawa ta rinjaya, ta ƙara ƙullin gero kaɗan.

Akwai kuma gargaɗi. A jiƙa da ruwa mai tsabta, a zubar da ruwan jiƙon. A watannin Maris da Afrilu, lokacin tsananin zafi, ƙulli yakan yi tsami da wuri, don haka a rage jira. Kada a cika kanwa, domin tana lalata wani sashe na bitamin B. Hatsin da ya yi fumfuna kuwa, jiƙo ba ya raba shi da gubarsa, zubarwa ita ce magani.

Muna kira ga 'yan matanmu su zauna kusa da tandar iyayensu su koya, domin sana'a ce, kuma rufin asirin gida ce. Allah ya albarkaci abin da muka noma, amin.